Yadda Ake Shan Kiriyatin Lokacin Zubar da Kitse Ba Tare da Sikeli Ya Ruɗe Ka Ba

A bayan gidan da nake haya a Agege akwai wani ɗan fili inda muke ɗaga ƙarfe bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi. Ba wani jim ne na a-zo-a-gani ba. Benci biyu ne, da sanduna uku, da tsofaffin ƙarafunan mota da aka yi wa walda, sai bokitin fenti biyu da muka cika da siminti. Sikelinmu ɗan ƙarami ne irin na banɗaki, kuma duk wurin babu abin da ya kai shi haddasa rigima.

Wata Asabar wani yaro mahauci da ke aiki a mayankar Oko-Oba, wanda ya fara shan kiriyatin, farin garin nan da masu ɗaga ƙarfe ke sha don ƙarin ƙarfi, ya hau shi, ya sauka, ya sake hawa, sannan ya juyo fuska a murtuke.

"Yaya, wallahi garin kiriyatin ɗin nan cuta ce. Kwana takwas ina kwana da rabin ciki, na bar shayi da burodi, amma ga shi na ƙaru da kilo ɗaya da rabi."

Na ce masa, "Cokali nawa kake sha?"

"Huɗu a rana. Haka aka ce in fara."

Na aika aka aro mana tef a wajen telan da ke bakin layi, na zagaya masa shi daidai cibiya. Ƙugunsa ya ragu da kusan santimita ɗaya a kan abin da muka rubuta makon da ya wuce. Nauyi ya hau, ciki ya sauka. Kafin mutum ya tara kitse kilo ɗaya da rabi sai ya ci rarar kalori sama da 11,000, shi kuwa ɗan'uwan nan ko tuwon dare ba ya gamawa. Ruwa ne, kuma ruwan da ya shiga inda ake son sa. Ga yadda za ka bi abin daki-daki don kada ka zubar da gwangwaninka saboda tsoro.

Mataki na farko: ka san ruwan da ake magana a kai

Kiriyatin ba baƙo ba ne a jiki. Hanta da ƙoda suna haɗa kusan giram 1 kullum, sauran kuma yana zuwa daga nama da kifi. Tun 1832 wani masanin kimiyya Bafaranshe, Michel Chevreul, ya tace shi daga nama, amma sai bayan gasar Olamfik ta Basilona a 1992 ya yi suna a wajen 'yan wasa. Kusan kashi 95 cikin 100 nasa a cikin tsoka yake zaune. Aikinsa kamar batirin inbata ne da ke riƙe wuta idan an ɗauke, kafin janareta ya tashi: shi ke ba ka ƙarfin daƙiƙu goman farko na ɗagawa mai nauyi. Wanda tsokarsa ta cika da shi yakan ƙara ɗagawa ɗaya ko biyu a inda da can zai ajiye sanda.

To idan ya shiga tsoka ba ya shiga shi kaɗai, yana jan ruwa ya bi shi. Ka tuna garin kwaki da aka jiƙa, yadda yake kumbura ya cika kofi alhali ba a ƙara ko cokali ɗaya ba. Dama kusan kashi uku cikin huɗu na tsoka ruwa ne. Wannan shi ne kilo ɗaya zuwa biyu da mutane ke gani a makon farko, kuma mafi yawansa a cikin tsokar yake, shi ya sa damtse ke ƙara cika riga.

Akwai ruwa na biyu, wanda ke kwanciya tsakanin fata da tsoka ya shafe layukan ciki. Masu kawo shi su ne gishiri da ya yi yawa kwatsam, rashin barci, gajiya mai tsanani, da doguwar tsayuwa ko zama, irin na wanda ya shafe awa uku a cikin danfo daga Obalende zuwa gida. Na uku kuma kumburin ciki ne kawai, iska da abincin da bai sauka ba. Mutane sukan haɗa ukun nan su ɗora wa kiriyatin. Gaskiyar da ba a son ji kuwa, sau da yawa abin da ke rufe layukan ciki ba ruwa ba ne sam, kitse ne da bai gama tafiya ba.

Mataki na biyu: ka duba lafiyarka kafin ka sayi komai

Idan kana da ciwon ƙoda, ko hawan jini ko ciwon suga da suka daɗe, kada ka fara sai likita ya amince. Haka yaron da bai kai shekara 18 ba, da mace mai ciki ko mai shayarwa. Ga mai lafiya, binciken shekaru masu yawa bai nuna cewa giram 3 zuwa 5 a rana na lalata ƙoda ba, kuma ƙungiyar masana abincin 'yan wasa ta duniya ta tabbatar da haka a matsayar da ta fitar a 2017.

Abin da ya fi ba ni tsoro a wajen 'yan'uwanmu masu aikin ƙarfi shi ne maganin ciwon jiki. Ɗan dako ko mai tura baro a Mile 12 zai wuni cikin zufa, ya sha ruwa kaɗan, da dare ya haɗiye ibufurofen ko daikulofenak, wani lokaci ma haɗin da bai san abin da ke ciki ba. Waɗannan su ne ke wahalar da ƙoda idan an mai da su abincin kullum, musamman a jikin da ruwa ya yi wa ƙaranci. Ka gyara wannan tukuna.

Sannan idan za a yi maka gwajin jini, ka faɗa wa likita kana shan kiriyatin. Jiki yana mai da shi wani abu da ake kira kiriyatinin, wanda da shi ake auna aikin ƙoda, don haka lambar na iya ɗan hawa alhali ƙodar lafiya lau.

Mataki na uku: saye

Ka nemi wanda aka rubuta Creatine Monohydrate a jikinsa, kuma idan ka juya bayan gwangwanin ka ga shi kaɗai ne a jerin abin da ke ciki. Shi aka fi yi wa bincike, shi ne kuma mafi araha. Masu shago za su nuna maka wasu iri masu tsada su ce waɗannan ba sa tara ruwa. Duk kiriyatin da ya shiga tsoka sai ya ja ruwa. Wanda bai ja ba, bai shiga ba.

Ka duba lambar NAFDAC, da ranar lalacewa, da murfin ciki ko a liƙe yake. Kada ka sayi wanda aka ɗiba aka ƙulla a leda. Na taɓa yin wannan gangancin don neman sauƙi, na sayi wani farin gari mai zaƙi-zaƙi, na sha wata guda ban ga komai ba sai ƙishirwa. Kiriyatin na gaske ba shi da zaƙi, kusan ba shi da ɗanɗano ma, kuma yakan bar ɗan tsaki-tsaki a gindin kofi. Ka kuma guji wanda aka gauraya da sukari da kayan ƙamshi, don mai zubar da kitse ba ya buƙatar kalorin da bai sani ba.

Masu tambayar halacci: garin a masana'anta ake haɗa shi daga sinadarai, ba daga dabba ake tatso shi ba, kuma ba ya cikin jerin abubuwan da hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta haramta. Inda za ka lura shi ne na kafso, don bawonsa na iya zama na jelatin ɗin dabba. Gari ya fi sauƙin sha'ani.

Danshin Legas kuwa ba ya raga wa komai. Ka rufe murfi da kyau, kada ka sa jiƙaƙƙen cokali, kada ka cire 'yar jakar nan mai tsotse danshi. Idan ya dunƙule bai lalace ba, murƙushe shi za ka yi.

Mataki na huɗu: lokacin farawa da yawan da za a sha

Hanya biyu ce. Ta farko ita ce loda jiki: giram 20 a rana, a raba gida huɗu, kwana 5 zuwa 7, sannan a koma giram 3 zuwa 5. Ta biyu ita ce giram 3 zuwa 5 kullum tun daga ranar farko. Wani bincike da Eric Hultman da abokan aikinsa suka wallafa a 1996 ya nuna cewa giram 3 a rana na kwana 28 yana kai tsoka inda giram 20 na kwana 6 ke kai ta. Masauki ɗaya ne, ɗaya ya hau babur, ɗaya ya taka da ƙafa.

Ga mai zubar da kitse, ni ta biyu nake zaɓa, ba na ko tantama. Lodawa ita ke sa sikeli ya yi tsalle cikin kwana uku, ita ke kawo murɗar ciki da gudawa, kuma ita ce ta kusa sa mahaucin nan ya bar abin gaba ɗaya. Idan ka bi a hankali, ruwan yana shiga kaɗan-kaɗan cikin wata guda, da wuya ma ka lura.

Mafi kyau ka fara sha mako uku ko huɗu kafin ka rage abinci. Lokacin da za ka shiga aikin zubar da kitse, ruwan ya riga ya zauna, duk abin da sikeli ya nuna daga nan ba ruwan kiriyatin. Idan dama kana sha tun lokacin gina jiki, ci gaba abinka, babu abin da za ka canza. Idan kuma ka riga ka shiga rage abinci, fara yau, amma ka sa a ranka cewa makonni ukun farko tef za ka saurara.

Cokalin da ke zuwa a cikin gwangwani yawanci na giram 5 ne ko 3, ka duba rubutun. Ka zuba a ruwa, ko koko, ko kindirmo, ka motsa ka shanye nan take. Kada ka dama da safe ka bar shi a gora cikin zafi har dare, don idan ya daɗe a ruwa yakan fara rikiɗa. Safe ko dare duk ɗaya ne. Abin da ke aiki shi ne kullum, har ranar da ba ka taɓa ƙarfe ba. Ni kusa da buroshin haƙori nake ajiye nawa. Idan ka manta rana ɗaya kada ka ninka washegari.

Mataki na biyar: koyi karanta sikeli

A nan gizo ke saƙar. Ka sami ɗan littafi. Kowace safiya, bayan ka zaga, kafin ka ci ko ka sha komai, ka hau sikeli ɗaya a wuri ɗaya, a kan siminti, ba a kan leda mai laushi ko tabarma ba. Ka rubuta ka rufe littafin. Lambar rana ɗaya ba ta da labari.

Ranar Lahadi ka tara bakwai ɗin ka raba da bakwai. Misali: 80.4, 79.9, 80.6, 80.1, 79.8, 80.9, 80.3. Jimla 562, matsakaici kusan 80.3. Ka ga 80.9 ɗin nan ta Asabar? Daren Juma'a ne aka ci tsire da yaji. Wanda ya kalle ta ita kaɗai sai ya ce ya yi ƙibar kilo guda a dare ɗaya. Matsakaicin wannan mako za ka gwada da na mako mai zuwa.

Saurin da ake so shi ne rabin kashi ɗaya zuwa kashi ɗaya cikin 100 na nauyinka a mako. Mai kilo 80 ke nan giram 400 zuwa 800. Abin da ya wuce haka na tsawon lokaci, tsoka ce ta fara bin kitse.

Sau ɗaya a mako ka auna ƙugu daidai cibiya, bayan ka fitar da numfashi, ba tare da ka shanye ciki ba. Kowa yana shanye ciki, har ni, don haka gara wani ya auna maka. Ka ɗauki hoto a wuri ɗaya da haske ɗaya duk bayan mako biyu. Idan nauyi ya tsaya amma ƙugu na raguwa, kana kan hanya. Idan ƙugu da nauyi duka sun tsaya mako uku a jere, abinci ne ya yi yawa, kuma kwano za ka duba.

Mata masu wannan harka su ƙara da lissafin al'ada, don kwanakin da ke gabanta jiki kan riƙe ruwa. Su gwada makon nan da irinsa na watan da ya wuce.

Mataki na shida: kwano

Kiriyatin ba ya ƙone kitse, ba ya kuma ƙara shi. Amfaninsa a wannan lokaci shi ne ya taimake ka ka riƙe ƙarfinka yayin da abinci ya ragu, don jiki ya ga har yanzu ana buƙatar tsokar. Kitsen kuwa rage ci ne ke tafiyar da shi, kalori 300 zuwa 500 ƙasa da abin da jikinka ke ƙonewa a rana.

Ba sai ka sayi sikelin kicin ba kafin ka fara. Ka cire lemon kwalba da maltina, ka rage sukarin shayi da madarar gwangwani, ka ce wa mai abinci ta tsame maka miya daga ƙasa ban da man da ke yawo a sama. Babban cokali ɗaya na mai, ja ko na gyaɗa, kusan kalori 120 ne, kuma miyar buka ba cokali ɗaya ake zuba mata ba. Malmala uku ta koma biyu.

Furotin kuma ka ɗaga shi, giram 1.6 zuwa 2.2 ga kowane kilo na jikinka. Mai kilo 80 yana neman kamar 130 zuwa 175. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, dafaffen jan nama giram 100 yana ba da kusan 25. Ka haɗa da wake, awara, kindirmo marar sukari, kaza, da kifi. Shawa, wanda ake rainawa saboda ƙaya da araha, yana cikin kifayen da suka fi kiriyatin a duniya. Amma kada ka ce da nama kaɗai za ka cike gurbin, don kafin ka sami giram 5 na kiriyatin sai ka cinye kusan kilo guda na naman sa, kullum. Mahaucinmu ya ce shi zai iya. Aljihun sauranmu ba zai iya ba.

Sai gishiri, wanda shi ne ainihin mai laifin da ake bari ana kama kiriyatin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a rana. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne, ga yajin tsire, ga kilishi, ga garin da ke cikin ledar taliyar Indomie. Ban ce ka daina gishiri ba, mai zufa a Legas yana buƙatarsa, kuma wanda ya yanke shi gaba ɗaya jiri da ɗaurewar jijiya ne za su bi shi. Ka daidaita shi ne, yau kamar jiya. Hawa da saukarsa ke sa fuska ta kumbura da safe.

Abinci mai sitaci ma yana da nasa ruwan. Jiki yana ajiye shinkafa da tuwo da doya a tsoka da hanta a matsayin gilaikojin, kuma kowane giram nasa yana riƙe kusan giram 3 na ruwa. Shi ya sa wanda ya yanke shinkafa yake zubar da kilo biyu a mako guda ya yi ta murna, ranar da ya je ɗaurin aure kuma su dawo tare da shi.

Mataki na bakwai: ruwan sha

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce tunda jiki na tara ruwa bari a rage sha. Akasin haka ake so. Ledar fiya wata rabin lita ce. Shida zuwa takwas a rana mafari ne mai kyau ga mai ɗaga ƙarfe a wannan gari, mai aiki cikin rana kuma ya ƙara. Fitsari shi ne ma'auni: idan ya yi fari-fari da ɗan rawaya, lafiya, idan ya yi kalar shayi, jikinka na bin ka bashi.

Da azumi ka sha kiriyatin ɗinka bayan buɗa-baki tare da abinci, ka rarraba ruwa tsakanin magariba da sahur, ka mai da atisaye bayan sallar isha'i ko tarawi. Ba sai ka daina ba.

Mataki na takwas: kada ka sauke nauyi

Wasu da sun shiga zubar da kitse sai su koma ƙananan ƙarafa suna ɗagawa sau talatin, wai don jiki ya fito da layi. Layi daga raguwar kitse yake fitowa. Ka riƙe nauyin da ka saba a tsugunno, da turin ƙirji, da jan baya, ko da za ka rage yawan zagaye. Ka ƙara da tafiyar ƙafa, ka sauka tasha ɗaya kafin taka. Ka nemi barcin awa bakwai, ko da yake na san wanda ke fita ƙarfe biyar don ya riga cunkoso zai yi mini dariya.

Idan wani abu ya saɓa

Ciki na murɗawa ko gudawa: ka raba cokalin gida biyu, ka sha tare da abinci, ka ƙara ruwan damawa. Amma ka danna ƙaurinka da babban yatsa na daƙiƙa biyar. Idan ka ɗaga ka ga rami ya zauna, ko idanu na kumbura da safe, ko fitsari na kumfa sosai, ko numfashi na yi maka wuya, wannan ba aikin kiriyatin ba ne. Ka dakatar da shi ka tafi asibiti a ranar.

Makon ƙarshe, kafin gasa ko hoto

Za ka ji ana cewa a daina kiriyatin kwana uku kafin hawa dandamali don jiki ya bushe. Bayan an daina, tsoka tana ɗaukar mako huɗu zuwa shida kafin ta koma yadda take, don haka kwana uku ba su canza komai. Ko da sun canza, ruwan cikin tsoka za ka rasa, wato abin da ke sa ta cika. Ka ci gaba da sha, ka bar gishiri da ruwa yadda suke, ka guji abincin da ka san yana kumbura maka ciki, irin wake da kabeji da madara, kwana biyu kafin ranar.

Maganin sa fitsari kuwa, irin Lasix da 'yan'uwansa, ko a mafarki kada ka taɓa. Yana kwashe ruwa tare da sinadaran da zuciya ke bugawa da su. Mohammed Benaziza, gwanin gina jiki da ake yi wa laƙabi da Momo, ya rasu a 1992 jim kaɗan bayan wata gasa a Holan, kuma an danganta mutuwarsa da irin wannan busar da jiki. Duk wanda ya miƙo maka ƙwaya a jim ya ce ta fitar da ruwa ce, ka mayar masa.

Mutum ɗaya ne nake ba shawarar ya daina: ɗan damben zamani ko mai ɗaga nauyi da ke da ajin kilo da dole ya shiga ranar awo, kuma ya rage masa kilo ɗaya ko biyu. Shi ma sai ya daina wata guda zuwa mako shida kafin ranar, ya koma sha bayan an auna.

Idan ka kai inda kake so, ka mayar da abinci a hankali, rabin malmala a mako, cokalin kiriyatin kuma yana nan yadda yake. A makon farko sikeli zai hau da kilo ɗaya ko fiye saboda gilaikojin ya dawo da ruwansa. Na gaya wa mahaucin nan haka tun kafin ya kai wurin, na sa ya rubuta a bangon littafinsa da jan biro. Duk da haka ranar da ya gani sai da ya aika a aro tef.